Wuƙa da Nama a Hannun Wa? Waiwaye Kan Baƙar Fata a Tsofaffin Finafinai



Duk wanda ya taɓa zama a shagon aski ko teburin mai shayi a nan Abule Egba ana kallon fim ɗin Kudu ya san wannan mutumin. Shi ne mai gadi. Yana bakin get da 'yar rediyonsa da butarsa, haƙora ja wur da goro. Ba shi da suna, "aboki" ake ce masa, ko "malam". Ba shi da mata, ba shi da gari, ba shi da wata damuwa da ke hana shi barci. Ya buɗe baki Turancin ya kakkarye, a yi dariya, ya buɗe get, mota ta shige, labari ya bi motar ya bar shi nan zaune.

Wasunmu kan ce ai wasa ne, a bar shi a wasa. Mu dai a ganinmu abin ya wuce wasa, kuma ba yau aka fara ba. Tun kafin ɗan Kudu ya ɗinka wa Bahaushe wannan riga, Bature ya riga ya ɗinka wa baƙar fata kaf irinta. Shi ya sa a wannan fitowar muka ga ya dace mu waiwayi wasu tsofaffin finafinai da wasannin daɓe na tsakanin 1935 da 1959, lokacin da ake fafutukar neman 'yanci a nan Afirka, baƙaƙen Amurka kuma suna tasu a can. Tambaya ɗaya za mu riƙa yi wa kowanne. Mahautanmu na Oko-Oba sun san cewa mai sa daban, mai wuƙa daban, kuma yadda mai wuƙa ya yanka haka nama zai fito. A fim ma haka ne. Ɗan wasa ya yi nasa ya tafi gida, amma wanda ya zauna a ɗakin tacewa da almakashi shi ke cewa ga abin da duniya za ta gani. To, wuƙa da nama a hannun wa suke?

Sarkin da aka rataya wa lamba

A 1935 kamfanin Alexander Korda na Landan ya fitar da Sanders of the River, ƙanensa Zoltan Korda ne darakta. Daga littattafan Edgar Wallace aka ɗauko labarin, aka ce wai a Nijeriya abin ya faru. Sanders Bature ne, kamar a ce Razdan, yana mulkin ƙabilun da ke bakin wani kogi. Bosambo kuwa tsohon fursuna ne daga Laberiya, ya zo ya naɗa kansa sarki. Sanders ya gano asirinsa, amma da ya ga zai more shi sai ya rataya masa lambar sarauta a wuya. Aka zauna lafiya har ranar da Sanders ya tafi hutu. Sai wasu Turawa biyu masu safarar giya da bindigogi suka baza cewa ya mutu. Nan take ƙasa ta rikice, wani mugun sarki mai suna Mofolaba ya kashe Baturen da aka bari riƙo, ya sa aka sace matar Bosambo, ya kama Bosambo da ya biyo sawu. Ana gab da yanka su sai ga Sanders a jirgin ruwa da bindiga mai ruwa. Shi ke nan, doka ta dawo.

Gaskiya ɗaya ce, fim ɗin yana da abin kallo. Jerin kwale-kwale da matuƙa suna buga ruwa lokaci guda, ga raye-raye, ga muryar Paul Robeson da ya fito a Bosambo, murya mai cika ɗaki. Amma in ka lura, raye-rayen nan daga wurare daban-daban aka kwaso su, har da Kwango da Uganda, aka cakuɗa aka ce Nijeriya ce. A wurin mai almakashi baƙi duk ɗaya ne. Cikin fim ɗin kaf ba birni, ba alƙali, ba kasuwa irin Kurmi, ba almajiri da allo. Darasi guda ake ta nanatawa har ya gundure ka: muddin Bature na nan akwai doka, ranar da ya ba da baya sai mu hau yanka juna. Mu kuwa da kakanninmu suka ga abin da ya sami Kano da Sakkwato a 1903, suka ji labarin Burmi da Satiru, mun san bindiga mai ruwa ba ceto ta zo yi ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne wanda aka sa ya saka wannan riga. Robeson ba ƙaramin mutum ba ne. Mahaifinsa bawa ne da ya gudu ya 'yanta kansa a Amurka, shi kuma ya karanta lauya a Jami'ar Columbia, ya zauna a Landan yana koyon harsunan Afirka. Ya karɓi aikin ne da zaton za a nuna wa duniya darajar kiɗa da al'adun Afirka. Da ya ga abin da ya fito daga ɗakin tacewa sai ya barranta da shi a bainar jama'a, ya ce an juya fim ɗin ya koma kirarin mulkin mallaka. A 1942 ya daina fitowa a finafinan Hollywood saboda irin matsayin da ake ba baƙaƙe, a 1950 kuma gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfonsa saboda bakinsa, bai sake samu ba sai 1958. Ka ga dai ilimi yana da shi, suna yana da shi, murya yana da ita. Almakashi ne kawai ba ya hannunsa, kuma wannan kaɗai ya isa aka mai da shi yaron Bature mai ɗaure da fatar damisa.

Ba shi kaɗai ba. Cikin 'yan cike-gurbi na wannan fim akwai Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya shugabanci Kenya, akwai kuma Orlando Martins, haifaffen nan Ikko. Martins ya yi suna a Ingila, amma a The Hasty Heart na 1949, inda ya fito tare da Ronald Reagan, sojan Afirka aka ba shi wanda ba ya jin Turanci, kusan bebe. A can Amurka kuma, ranar da Hattie McDaniel ta karɓi kyautar Oscar a 1940 saboda fitowa a matsayin baiwa mai aikin gida, teburi daban aka ware mata a gefen zaure.

Majigi da otal

Wannan raini bai tsaya kan 'yan wasa ba, har 'yan kallo ya shafa. A nan Legas akwai wani Baturen duba-gari, William Sellers, wanda ya fara da finafinan yaƙi da ɓera da annoba. A 1939 aka kafa sashen finafinai na ƙasashen mallaka aka ba shi shugabanci. Ra'ayinsa, kuma ya rubuta shi, wai ƙwaƙwalwar ɗan Afirka ba za ta ɗauki fim mai sauri ba: a yi komai a hankali, kar a yawaita yanka hoto, kar a kawo dabara. Daga nan aka sami irin majigin da dattawanmu ke ba da labari, mota ta zo ƙofar fada ko filin kasuwa, a kafa farin ƙyalle, mai sharhi ya kama lasifika. Sau da yawa mutum biyu ake nunawa, mai hankali da ya bi maganar hukuma ya ji daɗi, da wawa da ya ƙi ya sha wuya. Abin dariya, mutanen nan da aka ce ba za su gane ba, su da 'ya'yansu ne suka riƙa cika silimu irin su Pen Cinema ta nan Agege, suna bin fim ɗin Indiya na awa uku ba fassara, su fito suna ba ka labarinsa tiryan-tiryan.

Abin da ake nunawa a farin ƙyalle shi ake yi a gari. A 1947 Ivor Cummings, jami'in ofishin kula da ƙasashen mallaka na Landan, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, ya sauka Legas da aikin gwamnati. Otal ɗin Bristol ya ba abokin tafiyarsa Bature ɗaki, shi aka hana shi saboda launin fatarsa. Jaridu da 'yan siyasa suka yi caa, har sai da Gwamna Arthur Richards ya ba da umarnin a daina wariya a wuraren jama'a.

Mai wuƙarsa a hannu

A daidai wannan lokaci ne wani tsohon ɗan sanda, Hubert Ogunde, ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyar wasan daɓe. Ya fara a 1944 a zauren Glover da ke cikin Ikko. Bayan yajin aikin gama-gari na 1945 ya yi Strike and Hunger, a kan yunwar ma'aikata. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu, suka kashe 21. Shekara na zagayowa Ogunde ya fito da Bread and Bullet: mutane sun nemi abinci an ba su harsashi.

Ga bambancin. Ogunde shi ya rubuta, shi ya tsara waƙa da rawa, shi ya fito, shi ya ɗauki mutanensa a mota gari-gari. Ba wanda zai shiga ɗaki a bayansa ya yanke masa magana. Da hukuma ta rasa almakashi sai ta koma ga ɗan sanda. An tsayar da Strike and Hunger a Jos a 1946 aka ci shi tara, Bread and Bullet kuma aka hana shi a Kano a farkon shekarun 1950, har aka kai Ogunde gaban shari'a. Mu lura da inda abin ya faru. A Arewa Bature ya fi tsoron a ga irin wannan wasa, a Kanon da aka kafa NEPU a 1950, garin Malam Aminu Kano, wanda shi ma tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin zambo kan zaluncin En'e. Bayarabe ya yi wasa kan jinin ma'aikatan Inugu, aka hana shi a ƙasar Hausa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa a lokacin ciwon ɗaya ne.

Amma kar mu ɗauka Bature kaɗai ya iya toshe baki. A 1964, bayan samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Yamma ta Akintola ta hana Ogunde wasa a yankinta saboda Yoruba Ronu, sai a 1966 aka ɗage. Fatar mai mulki ta sake, halin bai sake ba.

Ɗan ci-rani ya karɓi lasifika

Fim ɗin da ya fi kusa da rayuwarmu ba daga Ingila ko Amurka ya fito ba. Sunansa Moi, un noir, wato "Ni, baƙar fata", na Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe a Nijar har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. An ɗauke shi a 1957 a Treichville, unguwar baƙi ta Abijan, ya fito a 1958. 'Yan wasan 'yan ci-rani ne na gaske daga Nijar, kowa ya ari sunan jarumin da yake gani a silima. Jagoransu Oumarou Ganda, Bazabarme ɗan Yamai, ya kira kansa Edward G. Robinson. Akwai Eddie Constantine mai tallan yadi da son 'yan mata, akwai Tarzan direban tasi.

Kyamarar Rouch ba ta ɗaukar murya. Sai bayan an gama aka zaunar da Ganda gaban hoton aka ce ya yi magana a kai yadda ya ga dama. Wannan dabara da rashin kayan aiki ya haifar ita ce ran fim ɗin. Maimakon Bature ya ce mana "ga yadda suke", sai ka ji mutumin da kansa yana mita, yana zolaya, yana cika baki, yana tsaki. Da safe ya tsallaka ruwa zuwa unguwar Turawa da manyan shaguna neman aikin yini. Ya yi dakon buhuna a tashar jirgin ruwa, ya lissafa abin da aka ba shi da abin da kwanon shinkafa zai ci. Ya ga masu mota ya ce shi me ya yi wa duniya. Ya yi mafarkin zama zakaran dambe. Ranar Lahadi 'yan Nijar su taru a ƙungiyarsu ta Goumbé, ana karo-karo ana rawa. Wallahi ka cire Faransancin ka sa Hausa, ka ce ɗan dako ne a Mile 12 ko ɗan acaba a Agege yake ba ka labari.

Fitowa biyu sun fi tsaya mana a rai. Ta farko, inda Robinson ya je ƙofar budurwar da yake so ya tarar wani Bature ɗan Italiya, ma'aikacin jirgin ruwa, ya riga shi da kuɗi, suka kama kokawa a titi. Shekara 23 kacal bayan Bosambo mai murmushi da rusunawa, ga baƙar fata ya cakumi Bature, kuma fim ɗin yana gefensa. Ta biyu ita ce ta ƙarshe. An ɗaure Eddie Constantine wata uku saboda faɗa da ɗan sanda. Robinson yana tafe a bakin ruwa da wani yaro, yana ba shi labarin yaƙin da ya yi wa Faransa a yankin da Biyetnam take a yau, yana kwaikwayon harbi, yana faɗuwa ƙasa yana tashi. Ganda ya je wannan yaƙi da gaske, yana ɗan shekara 16 ya shiga soja. Ya ba da ƙuruciyarsa ga tutar wasu, ladan da ya samu shi ne buhu a ka. Ba wanda ya rubuta masa wannan, kuma ba marubucin da zai iya.

To amma fa sai mun yi tambayarmu. Wa ya buɗe fim ɗin? Rouch ne, da muryarsa, yana bayanin matasan nan kamar likita na bayanin cuta. Wa ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a zubar? Rouch. Sunan fim ɗin "Ni", amma da aka ba shi kyautar Louis Delluc a Faransa, wanda ya karɓa ba baƙar fata ba ne. Ita kuwa budurwar, da aka laƙaba wa Dorothy Lamour, jikinta kyamara ta fi bi, abin da ke ranta ba a damu da shi ba. Akwai kuma giya da tsiraici da yawa, don haka ba fim ne na kallo da yara ba, kuma mai kallo zai iya zaton rayuwar ɗan ci-rani ke nan gaba ɗaya. Ousmane Sembène na Senegal ya faɗa wa Rouch ido da ido a 1965 cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka kamar masu nazarin ƙwari. Maganar ta yi zafi, kuma a ganinmu ta fi dacewa da wasu finafinan Rouch fiye da wannan. Duk da haka akwai gaskiya a ciki. An ba Ganda lasifika, ba a ba shi almakashi ba.

Shi ma bai tsaya nan ba. Ya koma Yamai ya koyi aikin, ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo daga wancan yaƙi da kuɗin sallama, abokai da maroƙa suka cinye suka watse, ya koma neman na kansa da ƙarfinsa. Da Zabarmanci ya yi shi, aka nuna a Cannes a 1969. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ɗauki babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, shi ne na farko da ya taɓa ɗauka. Ɗan dako ne fa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A can Amurka ma sai da aka zo nan. A 1959 Lorraine Hansberry ta zama baƙar mace ta farko da aka sa wasanta a Broadway, A Raisin in the Sun, Sidney Poitier na jan gaba. Iyali ne baƙaƙe suka sayi gida a unguwar Turawa, ƙungiyar unguwa ta aiko wakili da fara'a da kuɗi a hannu wai su haƙura kar su tare. Duk wanda ya taɓa neman haya aka ji sunansa aka ce ɗaki ya kamu, ba ya buƙatar fassara.

Mu kuma fa?

Hausawa sun haura shekara ɗari a Agege, tun zamanin fataken goro da shigowar jirgin ƙasa. Muna da sarakuna, malamai, 'yan canji, dillalan shanu, lauyoyi, da jikokin da Yarbancinsu ya fi na wasu 'yan gari. Amma a allon talabijin har yau muna bakin get. Gadi sana'a ce ta halal, ba mu raina ta ba. Abin da muke ƙi shi ne a nuna mai gadi ba suna ba zuciya. Mutumin da aka saba yi wa dariya ba a jin zafin kukansa, kuma waɗanda suka ga Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016 sun san ranar da ake biyan kuɗin wannan dariya.

Sai dai laifi tudu ne. A finafinan Kano, inda wuƙa da nama ke hannun Bahaushe, yaya ake fito da Bagware da Bafulatanin daji da Inyamuri mai shago? Karyayyar Hausa, a yi dariya, a wuce. Rigar Bosambo ce aka sake wa wuya. Alhali an taɓa nuna mana hanya: a 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, ya dubi cinikin bayi na ƙasarmu ba tare da ya kau da kai ba.

Shawararmu ga 'yan kallo, duk fim ɗin da aka sa baƙo a ciki, ko mu ne ko wasu, a tambaya: yana da suna? Akwai abin da yake so a duniya? Ga samarinmu da ake kira su fito a finafinan nan na Legas, a nemi ganin labarin tukuna kafin a karɓi kuɗi. Robeson ma da ya fi mu ilimi sai daga baya ya gani. Masu waya mai kyamara kuma, yau ɗakin tacewa yana cikin aljihunku. Dattawan Zango da suka zo a jirgin ƙasa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya da labarinsu a ciki. Ku je ku zauna da su tun suna nan.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu dace. Sai a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.